Gwiwa Bakwai a Bangon Alhaji

Yanzu idan na wuce inda ake gini, ba na jin ƙarar da kunnena ya saba da ita. Wari nake ji, warin roba da aka kanga a wuta. Samarin yanzu sukan cinna wa takardar buhun siminti wuta, su ɗora fayif, wato bututun da waya take bi, a kai har ya yi laushi kamar taliya, su murɗa shi yadda ransu ya so, su cusa a bango, magini ya bi da filasta. Kafin la'asar an gama ɗaki uku. Idan na tsaya na leƙa sai su ce, "Baba, sannu da hutawa," wato dai in yi gaba. Ni kuwa ba na yin gaba. Tsayawa nake yi in ƙirga. A wannan sana'a ta wayarin, wato saka wa gidaje wayar lantarki, gemuna ya yi fari, kuma ba na jin kunyar a kira ni tsoho mai mita. Duk wanda ya gaji da ni ya toshe kunnensa.

Ba a cikin wutar lantarki na tashi ba. A Kahu aka haife ni, gidan noma gaba da baya. Abin da na sani shi ne fartanya, da yanko wa awaki ciyawa, da korar tsuntsaye daga dawa har murya ta dushe. Bayan girbi Fulani su sauka a gonarmu, shanu su bar mana taki, mu kai musu dawa mu karɓo nono. Da safe sautin turmi ne yake tashin gari, gida yana amsa wa gida. Hasken da muka sani aci-balbal ne, wadda take baƙanta hanci da jinka. Na riga na yi aure, har da 'ya guda, ranar da na kai gyaɗa kasuwar Rano na ga an kafa turakun lantarki a bakin hanya, ga wani gajeren mutum a kan tsani yana aiki da filaya, hankalinsa kwance kamar mai tsinkar kuɓewa. Na tsaya kallonsa har jakina ya kusa shiga rumfar mai tumatir. Da na koma gida na faɗa wa mahaifina abin da nake so, sai ya daɗe yana dubana, sannan ya ce shi bai yarda da wutar da ba ta hayaƙi ba, amma in je, idan ta ƙi ni gonar tana nan. Gonar tana nan kuwa har yau, ƙannena ne suke noma ta.

Gajeren mutumin nan shi ya zama maigidana. Malam muke ce masa. A birni ya koyi aikin, kuma ba ya son surutu. A zamanin fayif ɗin ƙarfe ne, baƙi, mai nauyi, wanda ba ya jin lallashi. Malam yana da wani gungumen ƙirya da aka huda masa rami. A ramin nan ake zura fayif, a danna da ƙirji kaɗan, a matsa gaba, a sake dannawa, ƙarfen yana kuka a hankali kamar tsohuwar ƙofa, har ya lanƙwasu ba tare da cikinsa ya matse ba. Wannan kukan shi ne ƙarar da na ce ba na ji yanzu. Sai a yanka wa bakin fayif haƙora ana ɗiga man gyaɗa, a goge cikinsa da magagari. Malam ya zura ɗan ƙaramin yatsansa ya juya. Idan ya ji kaushi ko kaɗan sai ya miƙo maka, kai ma ka san abin da ake nufi. Yini guda muna iya yin ɗaki ɗaya. Masu gida su yi ta ƙorafi, Malam ya yi kamar da bango suke magana.

Duk inda fayif ya karya kwana, gwiwa muke ce wa wurin. Akwati kuma ɗan ƙaramin gida ne mai murfi da ake dasawa a bango, inda fayif yake tsayawa, a buɗe a jawo waya, a sake tura ta gaba. Tun makon farko Malam ya zaunar da ni ya ce, "Gwiwa biyu, sai akwati. Kada ka wuce haka." Na tambaye shi dalili. Ya ɗauko igiya ya naɗa a jikin turken rumfa sau ɗaya, ya riƙe baki guda, ya ce in ja. Na ja, ta taho. Ya naɗa sau biyu, na ja da ƙyar. Ya ƙara, na tafi da dukkan ƙarfina, igiyar ba ta motsa ba, sai zarenta da ya fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Haka waya take ji a cikin bango. Bambancin kawai, ita ba ka ganin inda rigarta ta yage." Daga baya na ji cewa littafin wasu ƙasashe ya yarda har gwiwa huɗu, abin da ya kai zagaye guda ke nan. To, a bar shi a huɗun. Amma ban taɓa jin littafin da ya yarda da abin da ya wuce haka ba.

Na san wannan doka kamar sunana. Da sanina na karya ta.

Wani Alhaji ne mai fataucin shanu ya gina sabon sashe a gidansa a Rano, gidan siminti, irin wanda a lokacin ake zuwa kallo. Mun fara aikin ke nan aka aiko wa Malam cewa yayansa ba shi da lafiya a garinsu. Ya bar mini gungume da kayan aiki, ya ce in ƙarasa falo da ɗakin da ke manne da shi, wanda aka ware wa mahaifiyar Alhaji. Karon farko ke nan da aka bar mini aiki ni kaɗai, kaina kuwa ya kumbura. Hanyar fayif ɗin ba miƙaƙƙiya ba ce. Sai ta kauce wa taga, ta haye ƙofa, ta zagaye ginshiƙi, ta sauka, ta ratsa bango, sannan ta isa makunnin ɗakin tsohuwa. Na yi alamar akwati uku da gawayi. Alhaji ya shigo ya gani.

"Waɗannan kuma na mene ne?"

"Akwati ne, Alhaji. Nan za a riƙa buɗewa."

"A tsakiyar falona? Na ɗauko mai zane tun daga birni zai yi mini ado a bangon nan, kai kuma za ka jera mini marfin gwangwani? Ka binne abinka a ciki, ba na son ganin komai."

Na ce Malam ba ya yarda. Alhaji ya yi dariya ya dafa kafaɗata. Ya ce, "Malam yana nan ne? Kai ma ai ka zama maigida. Jiya nake faɗa wa mutane a kasuwa, hannunka ya fi nasa sauri." Maganar nan ta shige ni kamar ruwan sanyi a watan azumi. Na sa tafin hannu na goge gawayin.

Gwiwa bakwai na yi, babu akwati ko ɗaya. A ta huɗu ma fayif ya ƙi haɗuwa daidai, na dai cusa shi haka nan ban ɗaure sosai ba. Aka shafe bango, mai zane ya yi adonsa, abin gwanin kyau. Ranar jan waya ta zo. Na shafa mata sabulu, na ja, ta tafi rabi ta cije. Na ƙara sabulu, ta ƙi. Na aika cikin gida aka aro mini taɓarya, na naɗa igiyar ja a tsakiyarta, na kira leburori biyu muka kama. Muka ja, muka ja, muna haɗa baki kamar masu fitar da mota daga taɓo. Can sai muka ji wani ƙiii daga cikin bango, wayar ta taho gaba ɗaya har muka zube a ƙasa. Leburori suna dariya. Ni kuwa idona yana kan bakin fayif, inda wasu 'yan siraran ɓawon jar roba suka zubo, a nannaɗe kamar ɓawon albasa. Na san ko mene ne. Na sa ƙafa na tura su ƙarƙashin yashi. Da aka kunna, ƙwan fitila ya kama, fanka ta juya, mata suka yi guɗa daga cikin gida. Malam ya dawo ya tarar bango a shafe, ya tambaye ni ina akwatunan. Na ce hanyar gajeriya ce. Ya dube ni, ya dubi bangon.

Rani ya wuce lafiya. Sai da damina ta zauna, bango ya sha ruwa. Wata rana da la'asar hadari ya rufe gari, ɗaki ya yi duhu. Tsohuwar ta idar da alwala, ƙafa babu takalmi, hannu a jiƙe, ta kai hannu ga makunni. Makunnin a kan ƙarfe yake, ƙarfen yana haɗe da fayif, fayif kuma yana taɓa tagullar da na fere. Da na ɗaure haɗin nan na gwiwa ta huɗu, da wutar ta bi fayif ta gudu ƙasa, fis ya ƙone ya yanke wutar, shi ke nan. Ban ɗaure ba. Wuta ta ja ta, ta riƙe. Surukarta ce tana tuƙin tuwo ta ji wani irin gurnani, ta shigo da muciya a hannu, Allah ya ba ta basira ta doke hannun da ita. Tsohuwa ta faɗi. Ba ta mutu ba, amma tafin hannunta ya ƙone, yatsu biyu suka naɗe, ba su sake miƙewa ba. Mace ce mai saƙar faifai. Duk unguwar da faifanta ake rufe ƙwarya. Daga ranar ba ta ƙara riƙe basilla ba.

Washegari Malam ya tafi da ni gidan. Ya kashe wutar gidan, ya gwada nan, ya gwada can, sannan ya juyo gabana a gaban kowa.

"Gwiwa nawa?"

Na yi niyyar in ce uku. Bakina ya ce, "Bakwai."

Ya ciro guduma da kurfi ya miƙo mini. "Fasa."

Alhaji ya yi tsalle ya tare bangon. Ya ce ba mai taɓa masa ado, a dai zare wayar a sa wata. Malam ya ce, "Alhaji, wayar da maza uku suka shigar da taɓarya ba za ta fito ba, wata kuma ba za ta shiga lafiya ba. Ko a fasa, ko in hau turke yanzu in yanke wutar gidan nan, ka kai ƙarata duk inda kake so." Ban san wa ya faɗa masa zancen taɓarya ba. Alhaji ya ce shi ne mai gida. Malam ya ce, "Ban musa ba. Gida naka ne, aiki nawa ne." Mutum ne da ko kafaɗar Alhaji bai kai ba, amma Alhaji ne ya matsa.

Na fasa. Tun hantsi har azahar nake sarar adon nan, furanni da ganyaye suna zubowa a kan ƙafata, maƙwabta sun cika ƙofa. Malam ya sa na yanka fayif ɗin a kowace gwiwa, na ɗaga wa mutane su gani. A uku daga ciki tagulla tana ƙyalli tsirara. Da na gama ya ce saura abu guda, in shiga in gaishe da Hajiya, mahaifiyar Alhaji. Na fi son ya zane ni da wayar. Na durƙusa a bakin ƙofa, na kasa ɗaga kai. Tana kwance a tabarma, hannun a naɗe da ƙyalle. Ta ce, "Kai ne yaron wutar?" Na ce ni ne. Ta ce, "An ce ka san abin zai yi haka." Na ce, "Na sani, Inna." Can ta ce, "To, da ka faɗa mini, ai da na ci gaba da kunna fitilata." Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma ce ta yafe ba sai bayan watanni, da na yi ta zarya ina ɗebo mata ruwa, ina faskara mata itace.

Malam bai kore ni ba. Mun yi aiki tare har ƙarfinsa ya ƙare. Bayansa na bi ƙauyuka da gungumen nan a bayan keke, Kibiya, Nariya, duk inda turke ya isa. Fayif ɗin roba ya shigo, na karɓe shi, domin ba ni da gaba da sabon abu. Yana da sauƙi, ba ya tsatsa, ba ya ɗaukar wutar lantarki. Amma waya tana nan yadda take. In ka ja ta da ƙarfin tsiya rigarta za ta yage, ta haɗu da 'yar'uwarta, ta yi zafi a inda ido ba ya gani. A da mai gida yakan tambaye ka wa ya koya maka aiki. Yanzu tambayarsa yaushe za ka gama. An sallame ni daga gine-gine da dama saboda akwati. Wani ɗan kwangila ya taɓa ce mini aikina na mutanen da ne. Na ce masa haka ne, kuma gidajen mutanen da ɗin suna nan ba su ƙone ba.

A bana abin ya shigo har cikin gidana. 'Yata ta fari, wadda ko sunanta ba na kamawa, mijinta ya yi gini a Saji. Mutumin kirki ne, malamin makaranta, bai taɓa ɗaga mini ido ba. Saboda kunya bai nemi in yi masa wayarin ba, ni ma saboda kunya ban tambaya ba. Ya ɗauko wani saurayi mai babur da wayar salula a kunne. Ranar wata Asabar na je ta'aziyya garin, aka nuna mini ginin, na ce bari in sa albarka. Filastar ɗakin yara ba ta gama bushewa ba, hanyar fayif ta fito baƙi a jikin bango kamar sawun maciji a yashi. Ban yi niyyar ƙirgawa ba, idona ne ya ƙirga. Takwas. Babu murfi ko ɗaya.

Na kira saurayin na tambaye shi. Ya yi murmushi ya latsa wayarsa, ya nuna mini rubutu. "Baba, zamani ya canza. Ka ga, yanzu har huɗu an yarda."

"Na yarda da huɗun. Zo ka ƙirga."

Ya bi bango da yatsa. Da ya wuce biyar sai muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce ai ba komai, wayar ta riga ta shiga, su huɗu suka ja ta.

Surukina yana tsaye gefe, kansa a sunkuye. Ya ce, "Baba, a yi haƙuri a bar shi haka. An riga an sayi fenti, wata mai kamawa muke son tarewa." A al'adarmu nan ya kamata in tsaya. Uban mace ba ya shiga sabgar gidan mijinta, balle ya ba da umarni a ciki. Na san wannan. Na dubi inda za a ajiye gadon jikokina, daidai ƙarƙashin gwiwa ta shida. Na tuɓe babbar riga na rataye a taga, na karɓi gudumar magini.

Na fasa duka takwas ɗin. Kuma zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: wayar lafiyarta ƙalau. Ta goge a wuri biyu, amma tagulla ba ta fito ba. Fayif ɗin dai ya matse a inda aka ƙona shi, yadda ko shekara nawa aka yi ba mai iya zare wayar ya sauya. Saurayin ya kwashe da dariya, ya ce, "To Baba, ina gobarar?" Na ce masa Allah ne ya rufa masa asiri, kuma ni ba na kwantar da jikokina a kan sa'ar wani. Surukina ya juya ya fita bai yi mini sallama ba. Na kwana biyu ina zuwa, na sauya fayif, na dasa akwati uku. Da hannu ɗaya na jawo sabuwar wayar, ta taho sumul.

Magana ta bazu. Aka ce tsufa ya fara taɓa ni, aka ce na zubar da girmana a gidan suruki, na fasa bango ban sami komai ba. Surukina ya yi Juma'a uku bai zo gaisuwa ba. 'Yar tawa dai ta aiko mini da dambu ran nan, ban kuma san yadda zan fassara shi ba. Shekaranjiya ƙanena da limamin unguwarmu suka same ni a zaure. Liman ya ce, "Malam, zumunci ya fi bango. Ka daure ka je ka ba yaron nan haƙuri." Na ce na ji, kuma zan je. Haƙurin shiga gidansa ba izini zan ba shi, domin na yi laifi a nan. Filastar da na fasa ma da hannuna zan shafe. Haƙurin akwati kuwa kada wanda ya jira shi. Suka ce to, hakan ma ya yi, sai yaushe?

Na ce gobe da hantsi, in Allah ya kai mu. Ƙanena ya ga ina jawo jakar kayan aiki daga ƙarƙashin benci, ya ce, "Yaya, ba da haƙuri za ka je, me za ka yi da guduma?"

Na ce masa ban duba ɗakin girki ba tukuna.